Gidan Kifin Baba

Mahaifina Basarke ne, masunci ɗan gado, mutumin Yauri. Ya zo Abuja tun ana sharar daji, ya ga ruwa a Jabi, ya sauke kayansa, bai ƙara gaba ba. Waɗanda suka zo tare da shi wasu sun zama masu gadi, wasu direbobi, shi kuwa ya ce bai ga dalilin da zai sa mutum mai hankali ya bar ruwa ya je ya tsare ƙofar wani ba. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. Tun ranar da na shiga firamare ya laƙaba mini Akawu, kuma ga shi har furfura ta fito mini a gemu ban fita daga sunan nan ba.

Akwai wani jirgin ƙarfe a ƙasan tafkin Jabi. Ko in ce da akwai. Na masu ɗiban yashi ne, ya nutse da lodinsa a wata damina tun ina ƙarami. Ba a rasa rai ba. Masu shi suka neme shi kwana biyu, suka gaji, suka tafi. Baba ne ya gano inda yake kwance bayan wasu shekaru, ranar da ya jefa birgi, wato ragar nan da ake wurgawa, ta maƙale a ƙasa ta yage. Maimakon ya yi fushi sai ya yi shiru da bakinsa, don ya san abin da ya samu. Duk inda ƙarfe ya kwanta a ruwa gansakuka na kama shi, ƙananan kifaye su zo ci, manya su biyo su. Tarwaɗa ta samu kogo, karfasa ta samu inuwa. Gidan kifi yake kiran wurin, kuma duk tafkin nan babu wanda ya san ƙofar gidan sai shi.

Yana da dokokinsa, shi ya kafa wa kansa, shi ke binsu. Ba ya jefa raga a kan jirgin, sai fatsa. Ba ya wuce kifi huɗu ko biyar. Idan ruwan farko ya sauka, lokacin da kifi ke ƙwai, ba ya leƙa wurin sam. Idan kuma akwai wani kwale-kwale a kusa, sai ya wuce abinsa kamar ba shi ba, ko ya tsaya can nesa yana kwashe ruwan jirginsa har mutumin ya gaji ya tafi. Sauran masunta sun san yana da wani wuri, don a ranar da kowa ya dawo da kwando wayam shi ba ya rasa na miya. Wasu suka ce asiri ne ya taho da shi daga Yauri. Bai taɓa musa musu ba, hasali ma daɗi yake ji.

Da kifin wurin nan aka saya mini littattafai. Da ƙarfinsa ya ragu, ya daina iya jan raga, da shi ya ci gaba da riƙe kansa, bai taɓa miƙa mini hannu ba.

Mako guda kafin aurena ya ce in zo in tuƙa shi. Na riƙe filafili ina ta kame-kame, yana dariya yana cewa boko ya cinye mini kafaɗa. Da muka yi nisa sai ya ce in dubi gabas, in jera hasumiyar wani masallaci da wani turken wuta har ɗaya ya ɓoye ɗaya. Sannan in waiga arewa, in ɗora wata giginya a tsakiyar wani dutse. Inda layukan biyu suka haɗu, nan ne. Ya ɗauko wata siririyar igiya mai dunƙulen dalma a bakinta, ya sake ta a hankali, gaba ɗaya, gaba biyu, har huɗu. Sai ya damƙa mini igiyar ya ce in ɗaga kaɗan in saki. Na ji wani abu ya amsa a yatsuna, ƙwas, mai tauri, ba irin na laka ba.

Ya ce, "Ka ji shi? To ka gaishe shi."

Na ce, "Baba, ƙarfe ne fa."

"Na sani. Ƙarfen da ya kai ka jami'a." Ya karɓi igiyarsa yana naɗewa. "Akawu, ba ni da gona, ba ni da fili. Wannan ne. Da ni da Allah muka san shi, yau ka zama na uku. Kada ka kawo kowa nan, ko da ɗan'uwanka ne."

Na ce to. Na faɗe shi da sauƙi, yadda ake cewa to idan an ce ka gaida mutanen gida.

Shekaru suka wuce. Na samu aikin ofis, na kama haya a Kurudu, na koyi yarda da takarda. A wurina duk abin da ba a rubuta aka buga masa hatimi ba, bai tabbata ba. Baba yana nan a ɗakinsa na langa-langa a bakin ruwa, benaye na tsirowa kewaye da shi. Sau biyu ana gini a tare masa alamarsa, sau biyu yana sake sabuwa. Abin da ya gagare shi sakewa idonsa ne. Yanar ido ta yi ta rufe masa gani a hankali har ya daina bambance hasumiya da turke. Na yi ta fama da shi kafin ya yarda a yi masa aiki. Likita ya ce sai ya yi mako shida ba rana, ba ruwa, ba sunkuyo. Na ɗauke shi na kai Kurudu, matata ta gyara masa ɗakin baƙi, ya zauna yana ƙorafin cewa unguwarmu ko kwaɗo ba zai iya zama a cikinta ba.

A makonsa na farko a gidana ne na je Jabi ranar wata Asabar da safe in duba masa ɗaki da kwale-kwale. A bakin ruwa na tarar da wasu mutum biyar sanye da baƙaƙen kaya masu manne wa jiki, da tukwanen iska a bayansu, da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Masu nutso ne, na sha'awa, ba na sana'a ba. Shugabarsu wata injiniya ce 'yar kudu, mai fara'a, da Hausarta ta Abuja wadda ba ta damu da mace ko namiji ba. Na tsaya kallo, hira ta shiga. Ta ce sun gaji da nutso suna ganin leda da gorar ruwa. Sun ji jita-jitar akwai wani jirgi a ƙasa, amma sun yi wata uku suna nema.

Ta ce, "Oga, ka san a wasu ƙasa, jirgi in ya nutse a tafki, doka yana kare shi? Ba mai taɓa ko ƙusa ɗaya. Mutane su shiga su kalla kawai, su fito. Kifi ma yana samun gida. Amma nan, in 'yan gwangwan masu sayar da tsohon ƙarfe sun fara ganin shi kafin mu, finish."

Maganar ta kama ni a inda nake da rauni. A garin nan na ga an wayi gari an kwashe murafun magudanar ruwa daga kan titi, na ga an yanke ƙarfen gada. Na ce a raina Baba ya tsufa, yau ko gobe, kuma ni ba masunci ba ne. Idan ya tafi, wa zai tsare gidan kifin? Ashe ba gara a rubuta shi, hukuma ta san da shi, doka ta rungume shi ba? Wannan shi ne dalilin da na faɗa wa kaina, kuma ba ƙarya ba ne. Amma akwai na biyu, wanda sai daga baya na yarda da shi. Mutanen nan masu manyan motoci sun yi wata uku suna neman abin da ni ɗan masunci nake riƙe da shi a kaina. Na so in ga fuskarsu idan na nuna musu.

Na ce, "Madam, idan na kai ku, za ku kare shi?"

Ta dafa ƙirji. Har yau ban zarge ta ba. Da zuciya ɗaya ta yi.

Na tuƙa su a kwale-kwalen Baba, da filafilin Baba. Na jera hasumiya da turke, na ɗora giginya a kan dutse, na ce nan ne. Biyu suka faɗa ruwa da baya. Na zauna ina kallon kumfa na tasowa, ina fatan ma in na ɓata saiti. Da suka ɓullo sai injiniyar ta cire abin bakinta ta yi ihu. Suka nuna mini abin da kyamararsu ta ɗauko, nan cikin kwale-kwale, ruwa na ɗiga a kan gilashin.

Ban taɓa ganin abin da ya taɓa ni kamarsa ba. Ruwan kore ne, duhu-duhu, sai ga hancin jirgin ya fito, gansakuka ta lulluɓe shi tana kaɗawa. Karfasa garke guda suka watse suka sake haɗuwa. Wata tarwaɗa mai kaurin cinyata ta leƙo daga inda injin yake, ta koma. A jikin ƙarfen gefe kuwa, ƙugiyoyi ne rataye da guntayen zare, sun yi tsatsa, sun fi a ƙirga. Na Baba ne, waɗanda suka maƙale masa shekara da shekaru. Na juya baya na yi kamar ina gyara filafili don kada su ga idona. Na ce wallahi ranar da aka cire wa Baba bandeji, wannan ne abin da zan fara nuna masa.

Asabar ta gaba muka dawo da shiri. Suka ce a ƙa'ida ana sa wa irin wannan wuri alama mai yawo a kan ruwa, don masu jiragen shaƙatawa su kauce, masu nutso su san inda za su sauka. Aka kawo bulon siminti da za a ajiye a gefen jirgin, da jarka ruwan ɗorawa, da shuɗiyar igiya. Igiyar ta gaza, aka nemo wata. Suna ta ƙoƙarin haɗa su tana zamewa, na ce su ba ni. Na yi mata ƙullin da Baba ya koya mini tun ina yaro, na mutanen Yauri, wanda ruwa ke ƙara wa ƙarfi. Suka yi ta yabo, ni kuma kaina ya ƙara girma. A bakin tafki aka kafa allo da Turanci da Hausa, an rubuta cewa a nan ƙasa akwai jirgin ƙarfe mai tsawon kaza, an hana taɓa shi. Ni na fassara Hausar. Ni kuma na rubuta wasiƙar neman a amince da wurin, na kai wani ofis da hannuna, aka buga mata hatimin karɓa, aka ce mu saurara. Hoton bidiyon kuwa ya shiga wayoyi, har wani abokin aikina ya turo mini yana tambaya ko na gani.

Duk yamma in na dawo gida sai Baba ya tambaye ni, "Akawu, ka leƙa ruwa?" In ce na leƙa, lafiya lau. Sau uku ina buɗe baki in gaya masa, sau uku ina fasawa. Na bar shi sai takardar amincewa ta fito, in haɗa masa da hoton, ya ga ɗansa ya yi abin kai.

A mako na huɗu, ranar wata Alhamis, ina ofis wayata ta yi ƙara. Maƙwabcin Baba ne, wani dattijo mutumin Jiwa da ke noman alayyafo da rama a gefen tafkin. Shekara ashirin suna raba goro da Baba.

Ya ce da Hausarsa ta mutanen Jiwa, "Ɗana, mutanenku ya gama aiki, ya tafi da jirgi. Na ce bari in tambaya, ina za ku kai shi?"

Na ce, "Waɗanne mutanena?"

"Masu riga mai walƙiya mana. Tun Talata suna nan."

Ban san yadda na isa Jabi ba. Abin da na tarar shi ne sawun babbar mota a cikin laka, da baƙin tabo a ƙasa inda aka yi yanka da wutar gas, da tarin yashi baƙi mai wari. Dattijon ya ba ni labari dalla-dalla. Da rana tsaka suka zo, sanye da rigunan nan masu ƙyalli na ma'aikata, da hulunan kwano. Kai tsaye suka nufi jarkar. Suka nutsar da durom-durom suka ɗaure a jikin jirgin, suka hura musu iska har ya ɗago, mota ta ja shi da sarƙa zuwa gaɓa. Kwana uku suna yanka shi gunduwa-gunduwa. Mutane suka taru suna kallo, masu sayar da rake suka yi ciniki. Ba wanda ya tambaye su takarda, don kowa ya ga allo, ya ga alama, ya ɗauka aikin hukuma ne. Har kifin da ya fito a cikin jirgin suka raba wa 'yan kallo. Da za su tafi suka tumɓuke allon ma, tunda ƙafafunsa na ƙarfe ne.

Na kira injiniyar, ta zo, ta tsaya a kan sawun motar tana kuka tana cewa za ta kai ƙara. Ni ko fushin ma ban samu ba. Shekara talatin jirgin nan yana kwance ba doka, ba allo, ba hatimi, tsoho ɗaya ne kawai da ya iya rufe bakinsa. Ni na zo da ilimina na sa masa tuta, na rubuta tsawonsa, na rubuta cewa ƙarfe ne, har da fassara don kada wani ya ce bai gane ba.

Na roƙi dattijon kada ya gaya wa Baba. Ya dube ni ya ce, "Ni ba zan faɗa ba. Amma ruwa zai faɗa."

Mako biyun da suka rage su ne mafi tsawo a rayuwata. Abinci ya daina shiga. Matata ta tambaye ni ko an yi mini canjin wurin aiki ne. Baba kuwa ido ya buɗe tangaran, yana zaune a tsakar gida yana karanta lambar motar maƙwabta daga nesa, yana cewa ashe jikokinsa sun fi ubansu kyau. Ranar da likita ya sallame shi, ko gida bai yarda mun koma ba. Ya ce Jabi.

Masuntan da ke bakin ruwa suka taso suna yi masa barka, amma kowa ya gaishe shi sai ya sunkuyar da kai ya koma kan ragarsa. Na ga ya lura. Ya shiga kwale-kwale ya zauna a gaba, ya ce in tuƙa. Wannan karon bai bar mini saiti ba. Da sabon idonsa ya jera hasumiya da turke, ya waiga ya ɗora giginya a kan dutse, ya ɗaga hannu na tsaya. Ya ciro igiyar dalmarsa daga aljihu, ya yi bismillah, ya sake ta. Gaba ɗaya, biyu, uku, huɗu. Igiyar ta ci gaba da tafiya. A gaba na biyar ta tsaya, ba ƙara. Ya ɗaga ya saki, ya ɗaga ya saki. Ya jawo ta, ya dubi baƙar lakar da ke jikin dalmar, ya shinshina.

Ya ce, "Matsa gaba kaɗan."

Na matsa. Laka. Ya ce in koma hagu. Laka. Ya sake duban hasumiya, ya sake duban giginya, na ga yana murza idon da aka hana shi murzawa. Shi a zatonsa likita ne ya karkata masa gani. Wannan ne ya fi ci mini rai, ina kallon tsoho yana tuhumar idonsa a kan laifina.

Sai ya ɗaura babbar ƙugiya a igiyar, ya jefa, ya ce in ja a hankali. Muka share ƙasan wurin sau biyu. A na uku ƙugiyar ta kama wani abu. Ya jawo, ya jawo, sai ga shuɗiyar igiya ta fito, laka ta ɓata ta, an datse ta da wuƙa daga sama. Ya ci gaba da jawo ta cikin jirgi har hannunsa ya kai kan ƙullin. Nan ya tsaya. Ya wanke shi a ruwa, ya ɗaga shi sama ya juya shi, ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, ba tare da ya waigo ba, "Ƙullin nan, mutum biyu ne suka iya shi a tafkin nan. Ni kuma ina Kurudu."

Na gaya masa komai. Masu nutso, allo, wasiƙa, hatimi, masu riga mai ƙyalli. Ina ta maimaita cewa don in kare shi na yi. Bai katse ni ba. Na so ya zage ni, na so ya ɗaga filafili ya kwaɗa mini, da na samu sauƙi. Shi kuwa sai ya sa haƙori ya kwance ƙullin, ya naɗe igiyar tsaf yadda yake naɗe tasa, ya ajiye a ƙasan jirgi.

Sai na zaro waya. Na ce, "Baba, akwai hotonsa. Sun ɗauko shi kafin a taɓa shi. Har ƙugiyoyinka suna nan a jikinsa. Ka duba ka gani, don kai na ajiye."

Ya dubi wayar a hannuna, bai karɓa ba.

Ya ce, "Shekara talatin ban taɓa ganinsa ba, kuma yana nan. Kai ka gan shi sau ɗaya."

Ya ɗauki igiyar dalmarsa, wadda ta girme ni a hannunsa, ya miƙa hannu a kan ruwa ya buɗe yatsunsa. Ko ƙara ba ta yi ba.

"Juya mu, Akawu. Ka kai ni Kurudu. Ka ce wa matarka kada ta kwashe shimfiɗar."